Dakta Niels Bronnum, Likitan da Ya Isa Numan Shi Kaɗai

'Yan'uwa a cikin Kristi, da yawa daga cikinmu muna sujada ne a ƙananan ikkilisiyoyi na karkara. A yankin Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara a Jihar Katsina, rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu da gidajensu, Musulmi da Kirista, kuma inda masu bi suke 'yan kaɗan tun farko, iyali ɗaya ya tashi sai a ga benci ya zama wayam ranar Lahadi. Dattawa sukan tambayi kansu ko ikkilisiya ƙarama haka za ta ɗore. Saboda wannan tambayar ne muka ɗauko tarihin wani bawan Allah daga gabashin ƙasarmu, Dakta Niels Bronnum, wanda ta hannunsa Ubangiji ya kafa tushen Ikkilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya, wato LCCN. Wannan babbar ikkilisiya ta soma ne da mutum guda wanda bai daɗe da binne matarsa ba.

An haifi Niels Bronnum a shekara ta 1882. Mutumin ƙasar Danmak ne, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai inda mafi yawan jama'a mabiya ɗarikar Luther ne. Ya yi karatun likita, kuma da ya so da ya zauna a Turai ya ci abinci da sana'arsa cikin kwanciyar hankali. Amma a lokacin ƙuruciyarsa ana ta kira a majami'un Turai game da ƙasar da suke ce wa Sudan, wato faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, wadda Arewacin Najeriya ke cikinta. Babban mai wannan kira shi ne Dakta Karl Kumm, Bajamushe, wanda ya jagoranci kafa mishan ɗin SUM, ya kuma kawo ma'aikatanta na farko zuwa Wase a shekara ta 1904.

A 1910 aka yi babban taron 'yan mishan na duniya a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland. Wani fasto daga Danmak, Anton Pedersen, ya koma gida da nauyin wannan aiki a zuciyarsa, kuma a 1911 aka kafa reshen SUM na Danmak a garin Aalborg. Ƙungiya ce ƙarama, ta masu bi da suka yi ta tara baiko da addu'a. Mutum uku ta iya aikowa a farkon 1913: Dakta Bronnum, da matarsa Margaret Young 'yar Sikotland, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dagmar Rose.

Ba su wuce kai tsaye zuwa wurin aikinsu ba. Sun fara sauka a Rumasha, wata tashar mishan a bakin kogin Binuwai, domin su saba da ƙasar su kuma koyi harshe. A nan ne babbar jarrabawa ta same su. Margaret ta haifi ɗa namiji, bayan haihuwar kuma ta rasu. Jariri ba uwa, a wurin da ba a da abin renonsa, sai Dagmar Rose ta ɗauke shi ta koma da shi Turai. Cikin 'yan watanni, mutum ukun da aka aiko suka zama mutum ɗaya.

Mu tsaya mu yi tunani a nan. Da Bronnum ya bi ɗansa ya koma gida, ba wanda zai ga laifinsa. Shi likita ne, amma iliminsa bai ceci matarsa ba. Ba shi da ikkilisiya, ba shi da ko mutum ɗaya da ya ba da gaskiya ta wurinsa, ba shi ma da izinin zama a inda yake so ya je. Duk da haka ya shiga jirgin ruwa ya nufi gabas, ya hau Binuwai.

A wancan zamani Turawan mulki ba sa barin 'yan mishan su yi aiki yadda suke so a ƙasashen sarakunan Musulunci, don haka sai da Bronnum ya nemi izini daga hukumar da ke Yola. Aka yarda masa ya zauna a cikin Bachama, waɗanda ke bin addinin kakanninsu. Ya sauka a Numan, inda kogin Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ranar 5 ga Oktoba, 1913. Wannan rana ce LCCN ke riƙe da ita a matsayin ranar haihuwarta, kuma a 2013 ta yi bikin cika shekara ɗari.

Da me ya fara? Da magani da kuma harshe. Ya wanke gyambo, ya duba masu zazzaɓi da ciwon ido, ya karɓi duk wanda ya zo ba tare da ya tambayi abin da yake bauta wa ba. Mutanen da ba su da dalilin sauraron wa'azin baƙo sun ga hannunsa a jikin 'ya'yansu, sai suka soma saurare. Irin wannan hanya ce ta buɗe ƙofa a ƙasar Katsina ma daga baya, lokacin da mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga a cikin shekarun 1930. Sa'an nan ya zauna ya koyi Bachamanci daga bakin masu shi, kamar yaro a gaban malamai, har aka buga Bisharar Markus a harshen a 1915. Ya gane cewa Maganar Allah ba ta zama a zuciyar mutum sosai sai ya ji ta a harshen da uwarsa ta yi masa magana.

Kada mu ɗauka cewa lokacin zaman lafiya ne. Bai cika shekara a Numan ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kuma yaƙin ya iso har saman Binuwai, inda sojojin Ingila suka fafata da na Jamus a Garwa, can gaba da Yola, har garin ya faɗi a 1915. A cikin irin wannan zaman ɗar-ɗar ne aka aza harsashin aikin.

Daga baya wasu ma'aikata suka zo daga Danmak, aka buɗe makarantu da wuraren shan magani, Lutheran na Amurka su ma suka sa hannu. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne, aikin ya fita daga hannun baƙi ya shiga hannun 'yan ƙasa. Samarin da suka koyi karatu a Numan su ne suka zama malamai da masu bishara, suka shiga ƙauyukan Bachama, Mbula, Longuda, Chamba, Kilba da sauransu, suna noma abincinsu suna koyar da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin itace. Yawancin ƙananan ikkilisiyoyin Lutheran na karkarar Adamawa haka suka samo asali, ta bakin mai bishara ɗan ƙasa wanda sunansa bai shiga littafi ba.

Bronnum ya koma Danmak, ya ci gaba da yi wa mishan ɗin hidima daga can, ta wurin rubutu da ƙarfafa masu tallafa wa aikin. Allah ya ba shi tsawon rai har ya ji labarin abin da ya tsiro. A 1948 aka keɓe fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A tsakiyar shekarun 1950 ikkilisiyar ta tsaya da ƙafafunta, ta shiga tarayyar TEKAS, wadda muke kira TEKAN a yau. Ya rasu a 1966. Bayan rasuwarsa, a 1973, Akila Todi ya zama bishop na farko ɗan ƙasa. Makarantar tauhidi ta LCCN da ke Mbamba kusa da Yola tana ɗauke da sunan Bronnum, kuma a 2017 aka zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya.

Ba don mu ɗaukaka Bature muka kawo wannan tarihi ba, domin Bulus ya koya mana a 1 Korintiyawa 3 cewa mai shuka da mai ban ruwa bayi ne kawai, girman amfanin daga Allah yake. Abin da muke so mu riƙe shi ne, a ranar da Bronnum ya sauka a Numan bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Abin da yake da shi a hannu shi ne akwatin magani, da baƙin ciki, da kiran Ubangijinsa. Annabi Zakariya a sura 4 ya gargaɗe mu kada mu rena aiki don mun ga farkonsa ƙarami ne.

Saboda haka, ku 'yan'uwanmu da ke Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara da sauran wurare irinsu, idan kun rage gida biyar ko shida, ku ci gaba da taruwa a inda ya yiwu, kuna kula da lafiyarku. Ku koya wa yara karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, domin daga cikinsu masu bisharar gobe za su fito. Ku yi wa maƙwabci alheri ko da addininku ba ɗaya ba ne, tun da masifar da ta same ku ita ta same shi. Mu kuma da ke manyan majami'u na birni, kada mu bar su su kaɗai: mu ziyarce su, mu karɓi waɗanda suka yi gudun hijira, mu tallafa wa mai bisharar da ya ƙi barin garken. Dattawa kuma su rubuta tarihin ikkilisiyarsu tun masu sani suna da rai, wane ne ya fara kawo Bishara, a gidan wa aka fara sujada, don jikoki su san abin da Allah ya yi.

Ubangiji wanda ya riƙe bawansa a bakin Binuwai ya riƙe ƙananan ikkilisiyoyinmu, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.