Likita Stirrett, Bature Mai Magani

A kwanakin nan mutane da yawa suna kwana da fargaba. Wani tsadar hatsi ce ta dame shi, wani yana tsoron hanya, wani kuwa ciwon ɗansa ne ya hana shi barci. Domin wannan muka ga ya kamata a watan nan mu ba masu karatu labarin wani bawan Allah wanda ya shigo ƙasarmu a lokacin da ya fi namu ban tsoro. 'Yan'uwa na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa su kasa kunne, gama ƙarshen labarin ya biyo ta ƙofarsu.

Sunansa Andrew Stirrett. An haife shi a ƙasar Kanada cikin shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya buɗe kanti a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa cinikinsa albarka har ya sami gidaje da dukiya. Yana cikin wannan zaman daɗi sai ya karanta wata 'yar takarda wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na nan, da yawan mutanen da ba su taɓa jin bishara ba. Maganar ta shiga zuciyarsa, ta ƙi fita.

Sai mu tuna yadda al'amari ya ke a lokacin. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shigowa arewa: Bingham, da Walter Gowans, da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya, a 1895, Bingham ya koma gida bayan ya sha fama da zazzaɓi. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓin ya sāke korarsa. Duk wanda ya ce zai zo, abokansa su kan yi ban kwana da shi kamar ba za su ƙara ganinsa ba. Ga shi kuma Stirrett ya kai shekara 37, shugabannin mishan suna ganin ya yi girma da wannan wahala.

Bai yi gardama da su ba. Ya danƙa dukiyarsa ga mishan, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila, yana kiwon dabbobin a hanya. Mai kanti ya zama makiyayi! A Libaful ya ƙara koyon cututtukan ƙasashe masu zafi, kana ya iso Fategi a bakin Kwara wajen ƙarshen 1902. Ya tarar ciwo ya fara cin 'yan ƙalilan ɗin da suka riga shi zuwa. Ƙasa kuma ba lafiya: bayan 'yan watanni, a farkon 1903, sojan Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifa.

A nan ne halin mutumin ya bayyana. Bai ce tun da ya ba da gaskiya ba ruwansa da magani ba, bai kuma ce tun da akwai magani ba ruwansa da addu'a ba. Ya tsananta wa abokan aikinsa su sha kwini kowace rana, su kwana cikin gidan sauro, su yi hankali da rana. Waɗansu sun ga kamar ya cika takura, amma mutuwa ta ragu ƙwarai a cikinsu. Mutanen gari kuma suka riƙa kawo masa masu gyambo da masu ciwon ido da masu zazzaɓi, yana wanke miki da hannunsa. Su ne suka raɗa masa suna Bature Mai Magani, sunan ya bi shi har kabari.

A 1904 aka buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru. Can ya haɗu da Hausawa sosai, ya ƙaunace su ƙauna wadda ba ta huce ba. A zamanin nan jirgin ƙasa bai kai Kano ba tukuna, fatake su ke bin hanya da jakuna, su gangara kudu da kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. Da yamma, in ayari ya sauka zango an sauke kaya, sai ga ɗan gajeren Baturen nan ya zo ya tsaya. Ya duba marasa lafiya, kana ya buɗe hoto ya ba su labarin Yesu Almasihu da Hausa. Da asuba ayari ya tashi. Yawancinsu bai ƙara ganinsu ba, bai kuwa san abin da Maganar ta yi a zuciyarsu ba. Washegari ya koma zango wurin waɗansu.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne, gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan zama cikin ƙasashen sarakunan arewa. Mutanen da ya fi so, an rufe masa ƙofar garuruwansu har shekara talatin. Cikin shekarun nan aka yi babbar yunwa ta 1914, aka yi yaƙin duniya, aka yi annobar mura ta 1918. Mu da mu kan gaji da jiran wata uku, sai mu auna wannan. Shi dai bai zauna yana ƙunƙuni ba. Ya sa hannu cikin aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu, aka buga shi cikakke a 1932. Ya yi wahala kuma wajen shirya waƙoƙin sujada na Hausa. Begensa yana kan alkawarin Ubangiji, ba kan izinin gwamna ba, shi ya sa kowace safiya ya kan sami aikin da zai yi wa wani.

Daga 1933 ƙofa ta fara buɗewa, SIM ta shiga ƙasar Kano. Ba da daɗewa ba aka ba ta kula da kutare a Yadakunya, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. A ƙasar Kazaure aka kafa tasha a Roni, da makarantar yara maza. Hanyar da bishara ta bi ta shigo wajenmu ita ce wadda Stirrett ya fara bi a Fategi, wato wankin miki tare da wa'azi.

A lokacin ya tsufa, yana zaune a Jos. Duk da haka kusan kullum ya kan tafi kasuwa da hotunansa ya yi wa'azi. Abokan aikinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi sau 20,000 cikin ƙasar nan. Ya rasu a Jos cikin watan Yuli 1948, yana da shekara 82, bayan shekara 46 da isowarsa. Shekara shida bayan haka, a 1954, ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA.