TUNA BAYA: Musa Ɗanƙwairo, makaɗin da ya gaji laƙabin wani ya kai shi fadar Sardauna

Sunan da aka raɗa masa Musa ne. Ɗanƙwairo kuwa, wanda ya danne sunan yankan har wasu ke zaton da shi aka yi masa huɗuba, laƙabin wani mutum ne dabam, ɗaya daga cikin yaran mahaifinsa da ke bin sa wurin kiɗa. Allah ya hore wa mutumin nan zaƙin murya. Da Musa ya fara buɗe baki a cikin ayarin yana ɗan ƙaramin yaro, sai manya suka ji kamar muryar ce ta sake fitowa daga wani maƙogwaro, suka riƙa kiran yaron da sunan mai ita. Wasa-wasa suna ya bi shi. Yau, fiye da shekara 30 da rasuwarsa, in aka ambaci Ɗanƙwairo daga Maraɗi har Kumasi, babu wanda hankalinsa ke zuwa kan mai sunan na farko.

An haifi Musa a wajajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Gidansu gidan kiɗa ne tun daga kaka. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, ya soma da kiɗan noma, irin wanda makaɗi ke bin bayan samari a gonar gayya yana zuga wanda ya fi cin kunya, yana yi wa rago habaici har ya ji kunyar miƙewa. Daga baya gidan ya koma kiɗan fada a ƙarƙashin Sarkin Kayan Maradun, kuma garin ne ya liƙe a ƙarshen sunan Musa har ya bar duniya. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na sarauta da kunnen basira zai ji gonar nan ba ta bar shi ba. Yadda yake tunzura basarake a kan abokan gaba, haka ake tunzura manomi a kan kunyar da ke gabansa.

Ƙungiyar makaɗan fada ita ma 'yar ƙaramar fada ce, da shugabanta da muƙarrabanta da sarautunta. Da Ɗankwanda ya rasu, jagoranci ya faɗa hannun babban ɗansa, Kurna, shi kuwa Musa aka ba shi Daudun Kiɗi, wato na biyu a ayari, mai jiran gado. Ya daɗe a wannan matsayi. Kurna kuma ba kanwar lasa ba ne, masana waƙar baka suna lissafa shi cikin manyan makaɗan fadar Zamfara. Da al'amura sun tafi bisa tsarin girma da shekaru kawai, da sunan Kurna ne zai cika gidajen rediyo, ƙanen ya ƙare a sahun masu karɓa masa.

Siyasa ce ta sauya lissafin. Ahmadu Bello ya san gabashin Sakkwato ciki da bai, domin tun 1938, da aka naɗa shi Sardauna, a Gusau aka zaunar da shi yana duba gundumomin wannan yanki. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya tarar da kansa a wani matsayi da babu irinsa a da: ikonsa ya fi na kowane sarki faɗi, amma ofishin Firimiya ofis ne na Turawa, ba shi da tambari, ba shi da makaɗa, ba shi da kirarin kakanni. Jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, wanda ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, ya fi kowa sanin abin da waɗannan ke yi a zukatan talakawa. Daga fadar Maradun aka ba shi Musa. Waƙar da aka fi sani da Mai Dubun Nasara ta fito daga wannan haɗuwa, wasu da dama suka biyo bayanta, kuma da aka buɗe gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962, muryar da a da sai wanda ya je ƙofar fada yake jin ta ta shiga zaurukan ƙauyukan da mai ita bai taɓa takawa ba.

A nan ya kamata a tsaya a dubi aikin kansa, domin shi ne dalilin da ya sa laƙabin ya zauna a kan Musa bai zame ba. Abin kiɗansa kotso ne, ganga mai baki ɗaya da tsukakken ƙugu, wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu, ana matsa tsarkiyarta don sauya amo. Kiɗa ne na sarakuna, ba a yi wa kowa da kowa. Amma kotson a waƙar Ɗanƙwairo shimfiɗa ce kawai. Ginin yana kan muryoyi. A wurin makaɗa da yawa, jagora ne ke zuba ɗiyan waƙa, 'yan amshi su jira ya kai gaɓa su maimaita gindin. A ayarin Ɗanƙwairo kuwa sau da yawa jagora kan ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, wani sashe ya miƙa wa wani, kafin a dawo gindin waƙa gaba ɗaya kamar da baki guda. Irin wannan karɓeɓeniya ba ta yiwuwa sai an zauna an tsara, an maimaita har ta zauna a ka. Ma'anar haka ita ce, kaso mai yawa na kalmomin da jama'a ke haddacewa a matsayin na Ɗanƙwairo daga bakin wasu mutane suka fito, waɗanda mai gabatarwa a rediyo ba ya kiran sunansu. Mutumin da ya samu sunansa daga wani yaron ayari ya yi rayuwarsa yana tsaye a kan muryoyin yaran ayari.

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna. Makaɗin da ubangidansa ya faɗi irin wannan faɗuwa yakan bi shi, ko ya koma gida ya yi shiru. Musa ya samu wata inuwar a Tsafe, wurin 'Yandoto Aliyu, kuma waƙar da ya yi masa tana cikin waɗanda suka fi yawo har gobe, ta kai sunan wannan gari inda sarautarsa ba ta kai ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado a 1966 bayan ya yi minista a gwamnatin Sardauna. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero. Abin lura shi ne, waɗannan shekaru su ne shekarun da ake zare wa sarakuna haƙora ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarki mai ba da shawara. A cikin waƙar Ɗanƙwairo kuwa sarki bai rasa komai ba: yana nan da dawakinsa da kwarjininsa, maƙiya na karkarwa. Da yawa daga abin da matashin yau ke ji a jikinsa in an ambaci sarauta, daga waɗannan faya-fayai ya sha shi, bai ga zamanin da idonsa ba.

Ba a yi wa tarihi adalci ba in aka ɓoye gefen da ya tsaya. Lokacin da 'yan NEPU ke shan ɗauri a kotunan alƙalai saboda sun yi wa hakimi tsaurin ido, shi yana gefen masu rawani, kuma zambonsa a kan masu ja da ubangidansa yake sauka. Kiɗan fada ba a gina shi don ɗaukar kukan talaka ba. A ƙasarsa ta Maradun aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ta tashi dubban mutane daga gonakinsu, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoman da ke neman diyya wuta. Labari irin wannan, wanda mutanen da aka tasa don madatsar Tiga a ƙasar Bebeji za su gane ɗacinsa ba sai an yi musu bayani ba, ba shi da gurbi a tsarin waƙar da aikinta shi ne ɗaukaka mai mulki. Gwanintar Musa ba ta da tababa. Wanda aka yi wa hidima da gwanintar shi ma a fili yake.

Ɗaukar sunan wani ba baƙon abu ba ne a fagen wasa da kiɗa na ƙasar Hausa. A dambe, inda Ɗan'anace ya dawwamar da sunan Shago, yau da wuya a yi zagaye uku ba a kira Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane ba, kowane matashi yana jingina kansa da ubangidan da ya koya masa ɗaure zare. A Yawuri, Sani Aliyu Ɗandawo ya yi rayuwarsa ta waƙa da sunan mahaifinsa a gaba. A ƙwallon ƙafa, magoya bayan Kano Pillars sun mayar da Rabi'u Ali Pele, kamar yadda mutanen Ghana suka yi wa Abedi Ayew tun kafin shi. A duk waɗannan, ƙarami ne ke aron hasken babba, kuma kowa ya san inda aka aro. Ba wanda zai ji an ce Pele a filin wasa na Sani Abacha ya manta da na Brazil. Lamarin Musa ya bi ta bayan gida. Sunan ya taso daga wanda bai yi fice ba, ya sauka a kan wanda ya yi, sai aron ya haɗiye asalin. Abin da ya rage na mai laƙabin na farko a bakin masu ba da tarihi shi ne jimla ɗaya a farkon labarin wani.

Musa ya rasu a watan Satumba na 1991, shekara 5 kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato, don haka jihar da ke alfahari da shi yau bai taɓa zama ɗanta a takarda ba. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da kiɗan kotso, kuma da sunan Ɗanƙwairo ake gayyatarsu naɗin sarauta da biki. Wannan gado ne halal, haka shi ma ya tarar. Sai dai ya sa sunan yanzu yana nufin abu uku a lokaci guda: mutum, gida, da salo. Matashin da ya je wurin masu tura waƙa a waya a Kwanar Ɗangora ya ce a zuba masa Ɗanƙwairo, abin da zai samu gauraye ne: na Musa, na magadansa, wani lokaci har da na wasu makaɗan fada na Zamfara da kunnen Bakano ba ya rarrabewa saboda karin harshen ɗaya ne. Babu shekara, babu sunan wanda aka yi wa, balle na masu amshi.

Waƙoƙin su ma sun koyi halin sunan, suna sauka a kan wanda ba don shi aka yi su ba. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun ga haka a kusa. A 2019 dokar jiha ta ɗauke su daga masarautar Kano ta kai su Rano. A Maris na 2020 aka sauke Muhammadu Sanusi II aka naɗa Aminu Ado Bayero. A Mayun 2024 aka soke dokar, aka mayar da Sanusi, aka wayi gari mutum biyu na amsa sunan Sarkin Kano, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a gidan Nasarawa. A duk tsawon wannan ja-in-ja, magoya bayan kowane ɓangare sun riƙa ɗora tsofaffin waƙoƙin fada a kan hotunan gwaninsu a Facebook da TikTok, muryar Ɗanƙwairo na cikin waɗanda aka fi jawowa. Habaicin da aka ƙera don wasu 'yan adawar da suka daɗe a kabari ya samu sababbin masu shi, kowane gefe yana da tabbacin da ɗaya gefen ake.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika son tayarwa ba in ana zancen mazan jiya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Musa suna da masu su har ƙarshen 2061. Faifan da aka naɗa kuwa kariyarsa shekara 50 ce, don haka naɗe-naɗen zamanin Sardauna sun riga sun fita daga wannan shinge, ko da yake kalmomin da karin da ke cikinsu ba su fita ba. Shafukan intanet da ke tara masu sauraro da waɗannan waƙoƙi suna cin moriyar abin da doka ta ce yana da magada. Dokar ta ƙara da cewa in aiki na haɗin gwiwa ne, daga rasuwar wanda ya yi saura a cikin masu shi ake fara ƙirga shekarun. Kafin wata kotu ta iya amfani da wannan sashe a kan waƙar da jagora ya fara 'yan amshi suka ƙarasa, sai an fara kawo mata sunayen waɗanda suka tsaya a bayan Musa ranar da aka naɗe ta, ɗaya bayan ɗaya.