Dokta Adrian Stokes da Sauron Shawara

Ɗalibi, ka taɓa lura da wani baƙin sauro mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana? Irinsa yakan hayayyafa cikin ruwan randa da tsofaffin tayoyi, har a nan Suleja. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin shawara.

Adrian Stokes likita ne ɗan ƙasar Ayaland, an haife shi a 1887. Yana koyarwa a Landan aka gayyato shi Yaba, a Legas, a 1927, domin binciken wannan cuta. Abokan aikinsa suka ɗebi jinin wani majinyaci mai suna Asibi, a ƙasar da ake kira Gana a yau, aka sa wa birai. Biran suka kamu, sauro kuma ya riƙa ɗaukar cutar daga biri zuwa biri.

Ana cikin haka sai Stokes ya kamu. Yana kwance ya nemi a ɗebi jininsa, a kuma bar sauro ya cije shi, don kada aikin ya tsaya. Ya rasu ranar 19 ga Satumba, 1927, yana ɗan shekara 40. Daga ƙwayar cutar da aka samu a jinin Asibi aka haɗa allurar rigakafin da ake yi maka a yau.