Nikola Tesla: Ɗan Foli Da Ya So Tatso Wuta Daga Sama

Daren da aka ɗauke mana wuta a hostal muna tsakiyar karatun jarrabawa, ga hadari ana ta walƙiya, wani abokina ya tambaye ni me ya hana mu 'yan lantarki mu kamo wutar da ke tashi a banza a sama. Dariya na yi. Ashe shekaru sama da 120 da suka wuce wani ya ɗauki maganar da gaske.

An haifi Nikola Tesla a 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau. A foliteknik ya yi karatu kamar mu, a birnin Graz na Austiriya, sai dai bai kammala ba. A 1884 ya isa Amurka, ya yi wa Thomas Edison aiki na 'yan watanni suka rabu. A 1888 kamfanin Westinghouse ya karɓi ƙirƙirarsa ta mota mai aiki da AC, kuma a 1896 aka fara tura wutar AC daga ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo. Irin wutar ce ke shigo mana gida yau, in an kawo.

To amma hankalinsa na sama. A 1899 ya kafa ɗakin gwaji a Colorado Springs, yana haɗa walƙiya da hannunsa. A 1901 ya yi rajistar wata dabara: a ɗaga farantin ƙarfe sama, a haɗa shi da kafasita, ɗaya ƙafar a binne a ƙasa, caji ya riƙa taruwa. A shekarar ce kuma attajiri J.P. Morgan ya ba shi dala 150,000 ya fara hasumiyar Wardenclyffe don aika saƙo, daga baya har wuta, ba tare da waya ba. Kuɗi suka ƙare, Morgan ya ƙi ƙarawa, aka rushe hasumiyar a 1917.

Da na zauna na yi lissafi na gane inda gizo ke saƙar. Ko ranar da gari ya yi garau, akwai kusan volt 100 a kowace mita ɗaya da ka hau sama. Matsalar ita ce iska ba ta barin wuta ta gudana, abin da ke sauka a kan fili mai faɗin mita ɗaya ko LED ɗaya ba zai kunna ba. Ita kuwa tsawa ƙarfi gare ta, amma cikin ƙiftawar ido take wucewa, ba ta kuma faɗin inda za ta sauka.

Tesla ya rasu ranar 7 ga Janairu 1943 a ɗakin otal a New York, shi kaɗai, da bashi a kansa. A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa.

Ni dai na so in ɗauki wannan batu a furojet ɗina, lissafin nan ya mai da ni kan sola. 'Yan uwa, ku yi naku lissafin kafin ku kai wa sufabaiza taken aiki. Kuma don Allah kada wani ya ɗaga waya sama lokacin hadari da sunan gwaji.