Muhammad Ali: Ƙarfin Hannu da Kaifin Baki

'Yan'uwa, wannan Juma'a bari mu tuna da Muhammad Ali, ɗan damben Amurka da aka haifa a Louisville a 1942 da sunan Cassius Clay. Yana ɗan shekara 22 ya buge Sonny Liston a 1964, ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi, ya bayyana musuluntarsa, ya sauya suna.

A 1967 ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam saboda addininsa. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku, alhali yana kan ganiyarsa. Bai ja da baya ba. A 1974 ya ƙwato kambun daga hannun George Foreman a Kinshasa.

Amma fa bakinsa ya yi ɓarna. Joe Frazier, wanda ya agaza masa lokacin da yake zaune ba sana'a, shi ya riƙa muzantawa a bainar jama'a, abin da ya daɗe yana cin Frazier a rai.

Mu da muke neman abinci a garin wasu mun san ɗacin rasa sana'a. Mu ɗauki tsayuwarsa kan aƙida, mu kuma kama bakinmu kan wanda ya yi mana rana. Ya rasu a 2016. Allah ya gafarta masa.