Tarihin Birbal Sahni, Masanin Itatuwan Da Suka Zama Dutse

Masu haƙar rijiya a ƙasar Gwandu da Kalgo sukan ratsa yumɓu da yashi, wani lokaci har su tarar da baƙar ƙasa mai kama da gawayi. Wannan shimfiɗar ƙasa masana sun raɗa mata sunan Gwandu, kuma da ƙurar furannin dā wadda ta daskare a cikinta aka kimanta shekarunta a 1975. Saboda haka muka ga ya kamata malamanmu su ji labarin wani Ba'indiye, ɗaya daga cikin manyan wannan ilmi.

An haifi Birbal Sahni a 1891 a garin Bhera, wanda yanzu yake cikin Pakistan. Ya yi karatu a Lahore, sa'an nan ya haye Ingila, ya zauna gaban Shehun Malami Seward a Jami'ar Kambirij. A 1921 aka ba shi shugabancin sashen ilmin tsirrai a Jami'ar Lucknow.

Wuyar aikinsa ita ce, itace idan ya mutu ba ya kwanciya wuri ɗaya. Ganye ya faɗi nan, reshe can, iri kuwa ruwa ya tafi da shi. Mai tono sai ya ba kowane guntu suna dabam, kamar akawun da ya tsinci takardu a warwatse, bai san na wasiƙa ɗaya ba ne. Sahni da almajiransa suka riƙa yanka duwatsun Rajmahal siriri har haske yana ratsa su, suna dubawa da madubin ƙara girma. A 1948 ya nuna cewa wani kara mai jijiyoyin itace biyar, da wasu dogayen ganyaye, da wani iri mai jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, duk na tsiro ɗaya ne, wato Pentoxylon, wanda ya rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, zuriyarsa ta ƙare sarai. A ganinmu haƙurin haɗa guntayen ya fi tono su wuya.

Ran 3 ga Afrilu, 1949, Firayim Minista Nehru ya ɗora harsashin cibiyar binciken da Sahni ya kafa a Lucknow. Bayan mako guda sai Sahni ya rasu, yana da shekara 57, matarsa Savitri ta riƙe cibiyar. Sashen tsiron mai fid da ƙurar barbara kuwa sai a 1953 aka bayyana shi, aka sa masa suna Sahnia.