Arnold Bode: Malamin zanen da aka kora, wanda ya kafa bikin documenta a cikin kango

Duk bayan shekara biyar, garin Kassel da ke tsakiyar Jamus yakan zama gidan kallo na tsawon kwana 100. Zane-zane da sassaƙe-sassaƙe daga sassan duniya sukan cika gidajen tarihi, har su malalo zuwa lambuna da tashar jirgin ƙasa da dandalin gari, baƙi kuma su yi ta kwarara. Sunan bikin documenta. Wanda ya assasa shi, Arnold Bode, mutum ne da gwamnatin ƙasarsa ta taɓa raba shi da aji, ta kuma haramta masa sana'arsa.

An haife shi a Kassel ranar 23 ga Disamba, 1900. Ya yi karatun zane a makarantar fasaha ta garin daga 1919 zuwa 1924, kuma tun yana saurayi yake cikin masu shirya nunin zanen zamani a can. Ya shiga jam'iyyar SPD ta 'yan ra'ayin kawo sauyi, sannan a 1930 ya samu aikin koyarwa a Balin. Aikin bai daɗe ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka sallame shi, saboda siyasarsa da kuma irin zanen da yake koyarwa. Ya komo gida ya laɓe a ofishin ɗan'uwansa Paul, mai tsara gine-gine, yana zayyana kujeru da kayan ɗaki.

'Yan Nazi sun ɗauki zanen zamani a matsayin cuta. Sun kwashe dubban ayyuka daga gidajen tarihi, a 1937 kuma suka baje wasunsu a birnin Munich domin a yi musu dariya, da sunan gurɓatacciyar fasaha. Fiye da mutum miliyan biyu suka je kallo. Da yaƙi ya ɓarke aka ɗauki Bode soja. A daren 22 ga Oktoba, 1943, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Kassel ruwan bama-bamai, tsakiyar garin ta ƙone, mutum kimanin 10,000 suka mutu. Akasarin zanen da ya yi a ƙuruciyarsa ya salwanta a yaƙin.

Ya dawo a 1945 ya tarar da kufai. Ya sa hannu aka sake buɗe makarantar fasahar garin, ya ci gaba da koyarwa, yana jiran dama. Damar kuwa ta zo ta inda ba a zata ba: a 1955 aka ba Kassel karɓar baƙuncin bikin baje kolin furanni na ƙasa. Bode ya shawo kan hukumomi su bar shi ya raɓa nunin zane a gefen furannin. Wurin da ya zaɓa shi ne Fridericianum, ginin 1779, ɗaya daga cikin gidajen tarihi na farko a Turai da aka gina domin jama'a, wanda bom ya mayar kango, aka yi masa gyaran wucin gadi kawai.

A nan gwanintarsa ta bayyana. Bai ɓoye tabon ginin ba. Ya shafe tubalin da farar ƙasa, ya rataya labulen leda a tagogi don tausasa haske, ya bar siminti tsirara a ƙasa. A gindin matakala ya ajiye mutum-mutumin wata mace a durƙushe, aikin Wilhelm Lehmbruck, irin wanda aka wulaƙanta a Munich shekara 18 da suka gabata. Duk Bajamushen da ya shiga ya gane saƙon ba tare da an yi masa bayani ba. An nuna ayyuka 670 na masu fasaha 148, mutum 130,000 suka zo, abin da aka ɗauka rakiyar furanni ne ya fi furannin daɗewa a bakin jama'a.

Sai dai akwai siyasa a ciki, kuma ba ƙarama ba. Kassel tana da tazarar kilomita kusan 30 daga iyakar Jamus ta Gabas mai bin kwaminisanci, don haka bikin ya zama tagar da Yammacin duniya ke nuna wa maƙwabta 'yancinta. A karo na biyu, a 1959, manyan zane-zanen Amurkawa irin su Jackson Pollock suka cika bango, aka kuma fitar da sassaƙe-sassaƙe waje, gaban kangon wata tsohuwar fada. Daga nan ne bikin ya fara fita daga ɗaki yana mamaye gari.

Abin da ya fi nauyi shi ne waɗanda ba a gayyata ba. Babban abokin aikin Bode, wanda ya tsara tunanin da aka ɗora bikin a kai, shi ne masanin tarihin fasaha Werner Haftmann. Bincike ya tabbatar daga baya cewa ɗan jam'iyyar Nazi ne, kuma a 2021 wani masanin tarihi ya fito da shaidar cewa ya shiga farautar 'yan gwagwarmaya a Italiya lokacin yaƙi. An rataya zanen Emil Nolde a matsayin wanda aka zalunta, alhali shi ma ɗan jam'iyyar ne mai ƙin Yahudawa. Rudolf Levy kuwa, Bayahuden da aka kama a Florence a 1943 aka tura Auschwitz, sunansa ya shiga jerin farko, sannan ya ɓace. Bode ba ɗan Nazi ba ne, shi ma an cuce shi, amma a ƙarƙashin jagorancinsa aka wanke zanen da aka zaga, aka yi shiru game da masu zanen da aka kashe.

Afirka ma ta shiga ne ta zaure kawai. A mashigar nunin 1955 an liƙa hotunan tsofaffin sassaƙe-sassaƙe, har da na Afirka, don a nuna cewa zanen zamani na Turai yana da asali mai nisa. Sai a 2002 aka damƙa ragamar bikin ga wanda ba Bature ba, wato Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, wanda ya kai ɗaya daga cikin tarukan share fagensa Legas.

Bode ya jagoranci biki huɗu. A na 1964 ya rataya zane uku na Ernst Wilhelm Nay a jikin rufi, masu kallo suka riƙa ɗaga kai. A na 1968, shekarar boren ɗalibai, wasu masu fasaha suka tarwatsa taron manema labarai suna ƙorafin cewa an rufe wa sabbin salo ƙofa. Mutumin da aka kora don ya yi gaba da zamaninsa, sai ga shi ana ce masa ya tsufa. A 1972 aka miƙa jagoranci ga Harald Szeemann, ɗan Suwizalan, Bode ya koma gefe yana ba da shawara.

Ya mutu a Kassel ranar 3 ga Oktoba, 1977, kwana ɗaya bayan an rufe documenta ta shida.